Filin Tambaya da Amsa: Gani, Shaida da Halin Ɗan Adam

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa daga wurare daban-daban suka zo, amma damuwar masu su kusan ɗaya ce: yaya mutum biyu masu hankali da gaskiya za su dubi abu ɗaya su saɓa, kuma da me ake auna bambancin da yake tsakanin wannan mutum da wancan? Masana halayyar ɗan Adam sun fi shekara ɗari suna gwaje-gwaje a kan haka, tun daga ɗakin bincike na farko da Wilhelm Wundt ya buɗe a Leipzig ta ƙasar Jamus a 1879, kuma daga abin da suka gano za mu amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da shadda da leshi a Kantin Kwari, kuma yawancin cinikina yanzu ta waya nake yi. Sau da yawa nakan tura hoton yadi, mai saye ta ce ruwan toka ta gani, kaya su isa ta ce shuɗi aka kawo mata. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, ni da yaron shagona mukan dubi hoto ɗaya a waya ɗaya, kowa ya faɗi kala daban. Akwai mai ciwon ido a cikinmu ne? (Wani ɗan kasuwa, Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Mai yiwuwa ne ƙwarai babu mai ciwon ido a cikinku, kuma babu wanda yake yi wa wani ƙarya. Hasken da yake tasowa daga yadi ya shiga ido yana zuwa da abu biyu a cakuɗe, wato rinin da yake jikin yadin da kuma launin hasken da ya sauka a kansa. Hasken hantsi daban yake da na la'asar sakaliya, inuwar rumfa tana ɗan karkata zuwa shuɗi, ƙwan lantarki irin na da kuwa yana karkata zuwa rawaya. Da a ce ido yana miƙa saƙon yadda ya zo masa, da farar riga ta riƙa sauya kala daga safe zuwa dare. Abin da ƙwaƙwalwa take yi shi ne ta yi kirdadon irin hasken da yake wurin, ta ɗebe shi, ta bar wa mutum launin da take zaton shi ne na yadin. Tana wannan aiki ba da sanin mai ita ba, kuma galibi takan dace. Inda ake samun matsala shi ne idan hoton bai nuna alamun da za a gane hasken wurin ba, domin a nan kowace ƙwaƙwalwa da abin da ta saba da shi take cike giɓin.

Irin wannan ne ya faru a watan Fabrairun 2015, lokacin da hoton wata riga da wata uwar amarya ta ɗauka a wani kanti a Birtaniya ya bazu a intanet. Miliyoyin mutane suka rabu gida biyu, wasu suna rantsuwa fara ce da ratsin ruwan zinari, wasu suna cewa shuɗiya ce da ratsin baƙi. Ita rigar shuɗiya ce da baƙi. A wannan shekarar Bevil Conway da abokan aikinsa suka tambayi mutum 1,401, sai kashi 57 cikin ɗari suka ce shuɗi da baƙi, kashi 30 suka ce fari da ruwan zinari, kashi 11 kuma suka ce shuɗi da ruwan ƙasa. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta ɗauka cewa a inuwa rigar take sai ta ɗebe shuɗin, ya ga fari. Wanda tasa ta ɗauka cewa hasken lantarki ne ya haske ta sai ta ɗebe rawayan, ya ga shuɗi da baƙi. A 2017 Pascal Wallisch na Jami'ar New York ya tambayi mutum fiye da 13,000, ya samu cewa masu sammako, waɗanda suka fi rayuwa cikin hasken rana, sun ɗan fi karkata ga ganin fari da ruwan zinari a kan masu raba dare ƙarƙashin fitila. Ratar ba ta da yawa, amma ta nuna cewa har irin hasken da mutum ya saba zama a cikinsa yana da hannu a abin da yake gani.

Duk da haka akwai wani abu na daban da ya kamata ku kawar da shakkarsa. A bayan ido akwai ƙwayoyin halitta iri uku masu karɓar launi, kuma akan haifi wasu da rauni a ɗaya daga ciki, sai ja da kore su riƙa rikice musu. Gado ne, kuma ya fi kama maza nesa ba kusa ba: a Turawan arewacin Turai kusan namiji ɗaya cikin 12 yana da shi, mata kuwa kusan ɗaya cikin 200, kodayake a Afirka adadin bai kai haka ba. Mutum yana iya girma har ya manyanta bai san yana da shi ba. Asibitocin ido suna da wasu katuna masu ɗige-ɗigen launi da lamba a ɓoye a tsakiya, waɗanda likitan Japan Shinobu Ishihara ya fito da su a 1917, kuma cikin 'yan mintuna ake gama gwajin. Idan saɓaninku da yaron yana yawan faɗawa kan ja da kore da ruwan ƙasa, ku je ku biyun a duba ku.

Ta fuskar ciniki kuma, a riƙa fito da yadin bakin shago a ɗauki hoton da hasken rana, a ajiye farar takarda a gefensa, kada a matse hoton har ya zama yadin kaɗai ake gani, sannan a rubuta sunan kalar da baki a ƙarƙashinsa. Farar takardar ita ce za ta faɗa wa idon mai saye irin hasken da yake wurin.

Tambaya: Ni da wani aminina muna tsaye wuri ɗaya a bakin titi wata mota ta buge mai babur. Da aka kira mu gaban mai unguwa, shi ya ce wani yaro ne mai tura baro ya ratso, direban ya kauce masa. Ni kuwa wallahi ban ga wani yaro ba, alhali idona yana kan titin. Yanzu shi yana ganin na ɓoye gaskiya, ni kuma ina ganin ya yi ƙari don ya kare direban. Zai yiwu dukkanmu gaskiya muka faɗa? (Wani malamin makaranta, Gusau)

Amsa: Zai yiwu, Malam, kuma ina roƙonka kada ka bari wannan ya raba ku. Mun saba cewa gani ya kori ji, kuma haka ne a wurare da dama, sai dai gani yana da sharaɗin da ba kowa ya san da shi ba: abin da hankali bai je kansa ba, ido yana iya sauka a kansa mutum bai gan shi ba.

A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris suka yi wani gwaji a Jami'ar Harvard. Suka nuna wa mutane ɗan gajeren bidiyo na matasa shida, uku da fararen riguna uku da baƙaƙe, suna jefa wa juna ƙwallo, aka ce mai kallo ya ƙirga sau nawa ɓangare ɗaya suka miƙa ƙwallon. Ana tsakiyar wasan sai wata sanye da kayan goggon biri ta ratso ta cikinsu, a wani zubin ma har ta tsaya ta fuskanci kyamara ta bubbuga ƙirji, sannan ta wuce. Kusan rabin masu kallo ba su gan ta ba. Da aka sake nuna musu, wasu suka ƙi yarda cewa bidiyon farko ne. Abin lura shi ne waɗanda aka sa su ƙirga na masu baƙaƙen riguna sun fi ganin birin, saboda hankalinsu dama yana kan baƙin abu. Ke nan abin da mutum yake nema shi yake buɗe masa ido ko ya rufe.

Kada a ce wannan na marasa ƙwarewa ne. A 2013 Trafton Drew da abokan aikinsa a Boston suka ba likitoci 24, ƙwararru a karanta hoton huhu, wasu hotuna su nemo ƙulluttukan ciwon daji. A hoton ƙarshe aka saka surar goggon biri wadda ta ninka ƙullutun da suke nema sau 48. Ashirin daga cikinsu ba su lura da ita ba, kuma na'urar da take bin motsin ido ta nuna cewa yawancinsu sun dubi daidai wurin. An kuma yi ta neman ko kaifin basira ko wani hali na mutum zai nuna wanda zai gani da wanda ba zai gani ba, amma alaƙar da aka samu ba ta taka kara ta karya ba. Wanda ya gani yau yana iya zama wanda abin zai wuce gobe. Idan kai mai babur ɗin kake bi da ido a wannan lokaci, babu mamaki yaro da baronsa su ratsa ta gabanka ba ka sani ba.

Amma adalci ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren, domin shi ma aminin naka tunaninsa ba faifan bidiyo ba ne. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa ɗalibai fim na karon motoci, suka tambaye su gudun da motocin suke yi. Waɗanda aka tambaya da lafazin cewa motocin sun ragargaji juna suka kimanta kusan mil 41 a awa, waɗanda aka ce musu motocin sun taɓa juna suka ce kusan mil 32. A gwaji na biyu, bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a fim ɗin: mutum 16 cikin 50 na waɗanda suka ji lafazi mai zafi suka ce sun gani, a rukunin da aka ce wa motocin sun bugi juna kuwa mutum 7 ne kawai. Maganar da aka ji bayan aukuwar abu tana iya shiga cikin tunawa ta zauna daram, mai ita ya rantse tsakaninsa da Allah cewa da idonsa ya gani. A wurin haɗari, inda jama'a suke taruwa kowa yana faɗin tasa, wannan abu ne mai sauƙin faruwa. Shi ya sa ya fi dacewa mai sasanci ya saurari kowane shaida shi kaɗai, da wuri, ya bar shi ya ba da labari da bakinsa kafin a fara yi masa tambayoyin da suke nuna amsar da ake so. Kai kuma abin da ya fi daidai ka ce shi ne ba ka ga yaro ba, kada ka ce babu yaro.

Tambaya: Malaminmu ya ce an taɓa yin bincike aka gano cewa 'yan Afirka ba sa ganin zane yadda Turawa suke gani. Wannan gaskiya ne ko raini ne? (Wata ɗaliba, Zariya)

Amsa: An yi binciken, 'yata, kuma sakamakonsa ba raini ba ne, domin a babban gwajin da aka yi Turawan ne idonsu ya fi ruɗuwa. Zanen da ake magana a kai wani Bajamushe ne, Franz Müller-Lyer, ya fito da shi a 1889. Ki ja layi biyu masu tsawo ɗaya. A bakunan na farko ki yi kan kibiya mai nuna waje, a bakunan na biyu ki juya kan kibiyar ya buɗe kamar reshe. Yawancin mutane za su ga na biyun ya fi tsawo, ko da sun auna da kansu sun tabbatar ɗaya suke.

Marshall Segall da Donald Campbell da Melville Herskovits suka aika da irin waɗannan zane-zane ga al'ummomi fiye da goma, yawancinsu a Afirka, har da Ijaw na kudancin Nijeriya, aka gwada mutum kusan 1,900, suka wallafa sakamakon a 1963 da 1966. Mutanen Evanston a jihar Illinois ta Amurka su ne zanen ya fi ruɗa, sai an ƙara wa layi ɗaya kusan kashi ɗaya cikin biyar na tsawonsa kafin su ce sun yi daidai. Mutanen San na hamadar Kalahari kuwa kusan bai ruɗe su ba sam. A wani zanen daban, inda layin tsaye yake yi wa ido kamar ya fi na kwance tsawo, sai wasu al'ummomin Afirka suka fi Amurkawan ruɗuwa. Bayanin da masu binciken suka kawo shi ne wanda ya tashi cikin ɗakuna masu kusurwa huɗu da tituna miƙaƙƙu, idonsa ya saba fassara kusurwa a matsayin alamar nisa ko kusanci, sai ya kai wannan sabo kan takarda. Wanda ya tashi cikin zagayayyen ɗaki da fili fetal bai ɗauki wannan sabo ba.

Wannan bayani ya daɗe a littattafan makaranta, amma ba a gama muhawara a kansa ba. A 2015 masu aiki da Pawan Sinha a Indiya suka gwada yara tara, 'yan shekara 8 zuwa 16, waɗanda aka haifa da yanar ido mai kauri aka yi musu aiki. Cikin awa 48 da buɗewar idonsu zanen ya ruɗe su, alhali ba su taɓa ganin kusurwar ɗaki ba. An kuma samu cewa yana ruɗar tantabaru da wasu kifaye. Ga kuma cewa mutane daban-daban ne suka gudanar da gwajin na farko, ta bakin tafintoci, cikin harsuna da yawa. A nawa ganin, tushen ruɗin halitta ne da kowa yake da shi, abin da ake jayayya a kai shi ne gwargwadon yadda muhalli yake ƙara shi ko rage shi.

Abin da nake so ki riƙe a matsayinki na ɗaliba ya fi wannan zane girma. A 2008 Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun wannan fanni ya samu cewa kashi 96 cikin ɗari na mutanen da ake gwaji a kansu daga ƙasashen Yamma suke, ƙasashen da ba su wuce kashi 12 na mutanen duniya ba, Afirka kuwa ba ta kai kashi ɗaya ba. Duk lokacin da kika karanta cewa an gano ɗan Adam yana yin kaza, ki tambaya su wa aka gwada, a ina, da wane harshe. Wannan giɓi ne da ɗaliban jami'o'inmu za su iya cikewa, kuma gwaji irin na layukan nan takarda da abin awo kawai yake buƙata.

Tambaya: Na amsa wasu tambayoyi a intanet, aka ba ni haruffa huɗu aka ce su ne nau'in halina cikin nau'i 16. Bayanin ya yi daidai da ni har na tsorata. Yanzu ina so wanda zan aura ya yi, in ga ko mun dace. Zan iya dogara da shi? (Wata ma'aikaciyar jinya, Maraɗi)

Amsa: Malama, kada ki ɗora maganar aure a kansa. Bari in fara da dacewar da ta tsorata ki. A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa 39 gwajin hali, bayan mako guda ya miƙa wa kowa takarda ya ce sakamakonsa ne shi kaɗai. Aka ce kowa ya ba bayanin maki daga sifiri zuwa biyar gwargwadon yadda ya dace da shi, matsakaicin makin ya kama 4.3. Ashe takarda iri ɗaya ya raba musu duka, kuma daga wani ɗan littafin duban taurari da ya saya a wurin mai jarida ya tsinto yawancin jimlolin. Maganganu ne irin su kana so mutane su ƙaunace ka, kana yawan zargin kanka, kana da baiwar da ba ka yi amfani da ita ba, wani lokaci kana son jama'a wani lokaci kana son kaɗaici. Wa zai karanta wannan bai ga kansa ba? Saboda haka jin cewa bayani ya dace da mutum ba hujja ba ce ta ingancin ma'aunin.

Gwajin haruffa huɗu asalinsa na Myers-Briggs ne, wanda Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers suka tsara a shekarun 1940 bisa ra'ayoyin da masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung ya wallafa a 1921. Babban rauninsa shi ne yana raba mutane gida biyu a kowane fanni, ko kai mai son jama'a ne ko mai son kaɗaici, alhali idan aka auna mutane da yawa akasarinsu a tsakiya suke taruwa. Kamar tela ne ya ce riga iri biyu kawai zai ɗinka, ta dogo da ta gajere: mutum biyu da ratarsu ba ta wuce yatsa ɗaya ba sai a raba su, a haɗa ɗaya da wanda ya fi shi da taƙi guda. Wannan ne ya sa a wasu binciken kusan rabin waɗanda suka sake gwajin bayan mako biyar suka fito da haruffa daban.

Ma'aunin da masu bincike suka fi yarda da shi ta wata hanya ya samo asali. A 1936 Gordon Allport da Henry Odbert suka bi ƙamus na Ingilishi suka tsamo kalmomi kusan 18,000 da ake siffanta mutum da su. Waɗanda suka biyo baya suka riƙa sa mutane suna auna kansu da na kusa da su, ana duba siffofin da suke tafiya tare, har aka tsaya a kan manyan fuskoki biyar: son cuɗanya da kuzarin shiga jama'a, sauƙin kai da tausayi, himma da tsari da cika alkawari, saurin damuwa da tashin hankali, sai son sabon abu da zurfafa tunani. Ba a sa mutum a akwati, ana nuna inda ya faɗa ne a kowace fuska, sama ko ƙasa ko tsakiya. Waɗannan suna da ɗan abin da suke hasashe, misali mai himma da tsari ya fi yawan yin kyau a aiki da karatu, amma hasashen na jimlar mutane ne, ba ya yanke hukunci a kan mutum ɗaya.

Shi ma wannan ma'auni yana da iyaka, kuma iyakar ta shafe mu. A 2013 Michael Gurven ya gwada shi a kan mutum 632 na al'ummar Tsimane, manoma da mafarauta a dajin Bolibiya, fuskoki biyar ɗin ba su fito ba, abin da ya bayyana ya fi kama da biyu: kyautata wa jama'a da ƙwazon aiki. A 2019 wani nazari na amsoshin mutum fiye da 90,000 a ƙasashe 23 masu tasowa ya nuna cewa idan aka yi tambayoyin baki da baki, sau da yawa ba sa auna abin da aka shirya su auna. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san zamanmu. Matar da ba ta ɗaga murya gaban surukanta, ko saurayin da yake sunkuyar da kai gaban dattawa, tarbiyya suke nunawa, kuma wataƙila su ne suka fi kowa surutu cikin tsaransu; tambayar da aka tsara a Amurka za ta iya rubuta su cikin masu gudun jama'a. Da Anthony Kirk-Greene ya yi nazarin wanda Hausawa suke kira mutumin kirki a 1974, abubuwan da ya lissafa su ne gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Yawancin waɗannan a mu'amala ake ganinsu, kuma waɗanda suka zauna da mutum, suka yi ciniki da shi, suka ga fushinsa, sun fi shafin intanet sanin inda ya tsaya a kansu. Binciken da iyaye suke yi kafin aure, idan an yi shi tsakani da Allah, ya fi haruffa huɗu amfani a gare ki.

Tambaya: 'Ya'yana biyu uwa ɗaya uba ɗaya, tarbiyya ɗaya, amma babban shiru-shiru ne mai tsoron baƙi, ƙaramin kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Kakarsu ta ce hali zanen dutse ne, in haƙura. Haka ne? Ko don shi ne ɗan fari? (Wata uwa, Kumasi)

Amsa: Hajiya, maganar kaka tana da rabin gaskiya. Batun ɗan fari dai a ajiye shi: a 2015 Julia Rohrer da abokan aikinta suka duba bayanan mutum fiye da 20,000 a Jamus da Birtaniya da Amurka, ba su ga wani tasirin a-zo-a-gani na jerin haihuwa a kan hali ba, sai ɗan fifiko kaɗan da 'yan fari suke da shi a gwajin basira.

Gado kuwa yana da ƙarfi. Daga 1979 Thomas Bouchard na Jami'ar Minnesota ya shafe shekara ashirin yana tattaro tagwayen da aka raba tun suna jarirai suka tashi a gidaje daban-daban, fiye da tagwaye ɗari, ya samu cewa masu kama ɗaya suna kusa da juna a hali kusan kamar waɗanda suka tashi tare. Idan aka haɗa irin waɗannan bincike, kusan kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na bambancin hali tsakanin mutane yana komawa ga gado. Wa da ƙane kuwa kusan rabin ƙwayoyin gadon da suke bambanta mutane kawai suka haɗa, saboda haka ba abin mamaki ba ne su fito daban. Kuma gida ɗaya ba ya nufin rayuwa ɗaya, domin kowane yaro da abokansa, da malamansa, da cututtukan da ya yi, da yadda manya suke amsa masa gwargwadon yadda shi ma yake tunkararsu. A lura dai cewa yawancin waɗannan alƙaluma daga gidajen da ba a rasa abinci da makaranta ba aka samo su. Ba su nuna cewa yunwa ko duka ko sakaci ba sa barin tabo ba.

Inda maganar zanen dutse ta gaza shi ne batun lokaci. Brent Roberts da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka bi mutane shekara da shekaru, suka samu cewa halin yaro shi ne mafi saurin sauyawa, yana ƙara tsayawa ne da girma, bai kuma kai ƙarshen tsayuwarsa ba sai bayan shekara 50. A nazarinsu na 2006, wanda ya haɗa bincike 92, sun ga cewa tsakanin shekara 20 da 40 yawancin mutane suna ƙara natsuwa da riƙon alkawari da iya danne damuwa. Game da babban naki kai tsaye, Jerome Kagan na Harvard ya gwada jarirai 'yan wata huɗu ya samu kusan ɗaya cikin biyar suna firgita da kuka idan aka nuna musu sabon abu, kuma waɗannan sun fi zama masu ɗari-ɗari da baƙi daga baya. Amma da aka bi su, yawancinsu ba su zama masu tsananin tsoro ba. Abin da ya yi wuya shi ne su koma masu rawar kai irin ƙaramin naki.

Don haka kada ki sa ran babban zai zama ƙaramin, kada kuma a riƙa kiransa matsoraci a gabansa ko a gwada shi da ƙanensa. A riƙa ba shi ƙananan aike da zai yi magana da mutum ɗaya, kamar sayen abu a shagon unguwa ko kai saƙo gidan maƙwabta, a sanar da shi tun da wuri idan za a yi baƙi, a kuma ba shi lokaci ya saba kafin a ce ya gaishe su. Idan tsoron ya kai ga ya daina magana a makaranta ko yana ƙin zuwa gaba ɗaya, to a kai shi wurin likitan yara.